Wane gari ne ya buga wannan tsohon kwabon Rumawa?

Tambaya: Malam, na gāji wani tsohon kwabon tagulla daga kawuna. Akwai kan wani sarki a jikinsa, an ce na Rumawa ne, amma rubutun bai yi kama da na boko ba, kuma ya yi kore. Yaya zan gane asalinsa? In goge shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka goge shi. Koren nan mai santsi shi ya tsare ƙarfen shekaru aru-aru, kuma kankare shi na zubar da darajar kwabon. Abin tsoro shi ne kore mai haske da ke zuba kamar gari, don shi cin tagulla yake yi. In ka gan shi, ka raba kwabon da danshi.

Rubutun kuwa, da alama Girkanci ne. Ba birnin Rum kaɗai ke buga kuɗi ba. Ɗaruruwan garuruwa, galibi a gabashin daular, sun riƙa buga ƙananan kuɗin tagulla don cefanen kasuwanninsu: kan sarki a gaba, sunan gari da abin alfaharinsa a baya. Saboda haka daga baya za ka fara. Afisa, a Turkiyya ta yau, takan sa gunkinta Artemis. Antakiya na da manyan haruffa SC cikin zoben ganye. Nimes ta Faransa ta sa kada ɗaure da sarƙa a jikin dabino, da rubutun Latin, a zamanin Sarki Augustus.

Kuɗin Iskandariya ta Masar sun fi burge ni, don suna faɗin shekararsu. Za ka ga alama kamar L, sai harafin Girkanci: LA shekarar farko ta sarautar sarkin, LB ta biyu. In ka gane sarkin, ka san shekarar ke nan. Sauran garuruwa sun daina bugawa wajen shekara ta 276, Iskandariya kuwa ta kai wajen 296, zamanin Sarki Diocletian.

Ka auna faɗinsa da milimita, nauyinsa da giram, ka kwafe duk harafin da ka iya gani. Sannan ka gwada da kundin Roman Provincial Coinage na gidan tarihin Ashmolean da ke Oxford, kyauta ne a intanet. In za ka ƙara saye, ka nemi takardar asali, don Turkiyya da Masar sun haramta fitar da irin waɗannan kayan tarihi.