Sojan Dalma da Sojan Yumɓu

 Abin da na zaɓa in yi rubutu a kansa bana shi ne 'yan sojojin nan na wasa, waɗanda tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Na san wani zai ce yaro mai shekara goma sha shida ya girmi wannan zance. To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a cikin abin nan akwai darasin tarihi, da na lissafi, da wani aiki da ke jiranmu mu 'yan ƙasar Yawuri.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai manyan mutane, likitoci da malamai da tsofaffin sojoji, waɗanda abin sha'awarsu shi ne tara irin waɗannan sojoji. Suna jera su cikin akwatin gilashi runduna runduna. Duk lokacin da ranar tunawa da wani babban yaƙi ta matso, sai kamfanonin da ke ƙera su su ba da sanarwar cewa za su fito da sababbi. Haka aka yi a 2014 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika shekara 100 da farawa, da 2015 da yaƙin Watalu ya cika shekara 200, da kuma 2024 da aka cika shekara 80 da saukar sojojin taron dangi a gaɓar Faransa. Sau da yawa 'yan kaɗan ake ƙerawa, saboda haka mai so sai ya rubuta sunansa tun da sauran watanni, ya yi ta jira kamar yadda muke jiran ganin watan Salla. In kayan sun iso, sai ya duba hula da maɓalli da bindiga, ya gwada da hotunan zamanin. Ta haka mai tarawa yake zama mai karatun tarihi ko bai yi niyya ba.

Asalin abin

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. A garin Asiyut na ƙasar Masar an tono kabarin wani hakimi mai suna Mesehti, wanda ya rayu wajen shekara 4,000 da suka wuce. An tarar da sojojin katako 80 a ciki, 40 masu mashi da garkuwa, 40 kuma baƙaƙen maharba 'yan ƙasar Nuba. Watau ke nan baƙar fata na cikin sojojin wasa mafi tsufa a duniya.

A ƙarni na 18 maƙeran birnin Nurambag na Jamus suka shahara da zuba sojojin kuza masu faɗi kamar kwabo. Sa'an nan a 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da wata dabara. Sai a narka dalma a zuba cikin mazubi, kafin cikin ya daskare a juye, sai ɓawon kawai ya rage, cikinsa fanko. Da yake dalmar da ake ci ta ragu, sai kuɗin ya sauka, har ɗan talaka ya iya saye. Wannan kamfani ne ya sa tsawon milimita 54 ya zama ma'aunin da aka fi bi. A 1966 suka bar yin na dalma domin yara, saboda an gane guba ce, aka koma ga roba.

Su wa ake tunawa?

In ka duba hotunan abin da masu tarawa suka jera, za ka ga dakarun Nafoliyon, da masu jar riga na Ingila, da na Amurka, da na Hitila. Da wuya idonka ya faɗa kan sojan Nijeriya. Dalili kuwa a fili yake: kamfani yana ƙera abin da masu saye ke nema, mai saye kuma kakansa yake nema. Kowa ya san gidan ubansa. To, mu namu kakannin fa?

Tarihin sojan ƙasar nan ya faro ne a 1863, lokacin da wani Bature mai suna Gulba ya tara 'yan Hausawa kaɗan a Ikko ya ba su bindiga. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, aka yi mata mazauni a Jaba, a bakin wannan kogi na Kwara da muke sha. Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta. Wannan runduna ita Turawa suka yi amfani da ita wajen cin Kwantagora a 1901, da Kano da Sakkwato a 1903. Wannan ma tarihi ne, bai kamata a ɓoye shi ba.

Daga 1914 zuwa 1916 sojojinmu sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora. A Yaƙin Duniya na Biyu sun kori Italiya daga Somaliya da Habasha a 1941. Daga nan aka ɗebe su cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, sai ƙasar Bama, inda suka fuskanci Japan. Kimanin mutum 90,000 na Afirka ta Yamma suka je can, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya ne, kuma ƙasar Zuru, maƙwabtanmu, ta daɗe da suna wajen ba da 'ya'yanta ga aikin soja.

Runduna biyu suka yi suna a Bama. Runduna ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, watau Gizon nan namu na tatsuniya mai wayo, wanda mutanen Gana ke kira Anansi. Ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin dajin da mota ba ta shiga, sai jirgin sama ke jefo musu abinci. Runduna ta 82 alamarta masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo. An sa gammo ne don girmama 'yan dako, waɗanda suka ɗauki harsashi da igwa da majinyata a kansu, suna hawan duwatsu cikin ruwan sama da sauro. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Miyohon. Duk wanda ya ji sunan barikin Dalet a Kaduna, ko barikin Cindit a Zariya, ko barikin Arakan a Ikko, to, sunayen yaƙin Bama yake ji. Barikin Lakwaja kuma sunan Cari Maigumeri aka sa masa, wani Babarbare da ya yi yaƙin duniya duka biyu, har da na Bama.

Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara ashirin, yanzu ya haura ɗari. Ke nan kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage sai lambobin yabo da takardun sallama a ƙasan adaka, da 'yan labaran da 'ya'yansu suka riƙe. A unguwarmu akwai gidan da na ga irin wannan lamba, jikokin suna wasa da ita, ba wanda ya iya gaya mini sunan rundunar da mai ita ya yi aiki a ciki. Mu mutanen bakin tafki mun san yadda abu ke ɓacewa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an ta da mutum fiye da 40,000, ruwa ya rufe tsohuwar Busa da gungu masu yawa. Wanda bai tambayi tsohonsa inda gidansu yake ba, yau sai dai ya nuna ruwa da yatsa.

Abin da ke hannunmu

Kowane yaro a Ngaski da Wara da Libata da Birnin Yawuri ya taɓa ɗebo yumɓu a bakin ruwa ya gina sa mai tozo, ko doki da mahayinsa. Mun yi bindigar kara, mun yi motar langa-langa. Hannun da ya iya gina doki zai iya gina soja. Abin da ya bambanta namu da na masu tarawa shi ne su suna bincike kafin su ƙera, mu kuwa muna ginawa da ka, mu farfasa da yamma.

A ƙasarmu ranar tunawa da 'yan mazan jiya ita ce 15 ga Janairu. A da 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka, sai aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bayan an fara shi ran 6 ga Yuli, 1967. Ranar 15 ga Janairu, 2030, za a cika shekara 60 cif. Masu tarawa na Turai kamfani suke jira ya fito musu da sababbi. Shawarata ita ce mu kada mu jira kowa, mu fara gina namu tun yanzu, kowace shekara mu ƙara, mu jera su a ɗakin karatu ranar tunawa. Ga yadda nake ganin za a bi:

1. A fara da tambaya. In an tafi hutu, kowa ya nemi tsohon soja a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ina aka kai ku? Wace irin hula kuka sa? Me kuka ci? Wa ya tafi tare da ku bai dawo ba?" Waɗanda suka yi yaƙin basasa suna nan da ransu, haka waɗanda suka je Laberiya daga 1990. A rubuta amsar a littafi. In tsoho ya yi shiru a kan wata tambaya, a ƙyale shi, don wani miki ba ya son fami.

2. A san tufafin kowane zamani. Sojan fareti na zamanin Turawa yana da jar dara, da 'yar jar shara mai bakin rawaya, da jar ɗamara, da gajeren wandon kaki, alamarsa kuwa itacen kwakwa. Na dajin Bama koren kaya ya sa, da hula mai faɗin baki, da adda a kugu. In ka sa wa sojan Bama jar dara a fagen fama, ka yi wa tarihi ƙarya.

3. A yi lissafi. Ma'aunin masu tarawa shi ne ɗaya bisa 32. Mutum mai tsawon santimita 173, in ka raba da 32, zai ba ka milimita 54. Bindigarsa mai tsawon santimita 113 za ta zama milimita 35. Da haka soja da doki da kwalekwale za su dace da juna.

4. A gyara yumɓu. A tsince tsakuwa, a haɗa da garin tsingaro kamar yadda iyayenmu mata masu ginin tukwane ke yi, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Wanda za a gasa kada a sa masa waya a ciki, domin yumɓu yana tsukewa a wuta, waya kuwa ba ta tsukewa, sai ya fashe. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da shuni sun isa launi.

5. Kada kowa ya narka dalma, ko ta tsohon batir ko ta bakin birgin masunta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Jihar Zamfara. Abin da Turawa suka bari tun 1966, ba mu da dalilin ɗauka.

Na san akwai iyayen da za su yi tambaya game da mutum-mutumi, kuma tambaya ce mai kyau. Malamai da yawa sun yi sassauci ga kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Duk da haka kowa ya tuntuɓi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya barin fuskar a shafe, ko ya gina jirgi da gammo da hula, ko ya ɗauki aikin rubuta labaran.

Akwai kuma masu tsoron kada wasan soja ya sa yara son bindiga, a wannan lokaci da yankinmu ya ɗanɗana rashin zaman lafiya. Maganin wannan shi ne mu gina yaƙi yadda yake. Kusa da mai bindiga a sa ɗan dako da kaya a ka, da majinyaci a kan makara, da uwa tsaye a ƙofar gida tana jiran wanda ba zai dawo ba. In yaƙin basasa muke nunawa, a tuna waɗanda suka mutu ta kowane gefe 'yan ƙasa ɗaya ne, kuma yunwa ta kashe ƙananan yara masu ɗimbin yawa waɗanda ba su san abin da ake faɗa a kai ba. A ƙarƙashin kowane soja a ajiye 'yar takarda mai sunan garinsu da inda ya je. Yaron da ya karanta wannan zai san zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ina roƙon iyayenmu su buɗe mana adakokinsu mu ga takardu da lambobin kakanni, malamanmu na tarihi da na zane kuma su ba mu kusurwa ɗaya a ɗakin karatu. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.