Yadda ake gwada sabon magani

Ranar kasuwar Magaria ko ta Dungas, ƴan talla suna yawo da ƙwayoyi a faifai. Kowa yana yabon nasa. Amma magani na gaskiya ba a baki ake sanin sa ba, sai an gwada shi.

A shekarar 2014, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take kula da yara a asibitin Magaria, ta soma wani gwaji a Madarunfa, cikin jahar Maradi. Rigakafi ne na rotabirus, ƙwayar cutar da ke sa jarirai zawo mai tsanani. An yi shi a Indiya, ana ɗiga shi a baki sau uku, kuma yana jure zafi.

Da farko an bayyana wa iyaye kome. Wanda bai yarda ba, ba a taɓa ɗansa ba. Daga nan aka raba jarirai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya sha rigakafin, ɗayan ya sha ruwa mai kama da shi. Uwa ba ta san wanda aka ba ɗanta ba, likita ma haka, don kada son rai ya shiga lissafi.

A 2017 aka bayyana sakamako. Cikin jarirai 3508, zawo mai tsanani na rotabirus ya kama 87 a rukunin da bai sha rigakafi ba, amma 31 kawai a ɗayan. Ashe rigakafin yana da amfani.

Haka ake gwada maganin ciwon daji. A 2022 aka bayyana cewa a birnin New York na Amurka an ba mutum 12 masu wani irin ciwon daji na ƙarshen babban hanji sabon magani, har wata shida. Ƙarin ya ɓace a jikinsu duka. Duk da haka likitocin ba su yi gaggawa ba. Mutum 12 sun yi kaɗan, shi ya sa aka ci gaba da gwajin da mutane masu yawa.

Tambayoyi

1. Don me aka nemi yardar iyaye?
2. Don me aka yi ƙuri'a?
3. Nawa ne bambanci tsakanin 87 da 31?
4. Wa ya gwada ƙwayoyin ɗan talla?