Sansanin Horar da Matasa Kurame

Karatu: Markus 7:31-37, Fitowa 4:10-12

Ka lura da yadda Ubangiji Yesu ya bi da kurman da aka kawo masa a yankin Dikafolis. Ya ja shi gefe daga taro, ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Duk waɗannan abubuwa ne da kurma zai gani ya gane. Tun kafin kunnen ya buɗe, Yesu ya riga ya yi masa magana ta hanyar da yake fahimta.

To, ka dubi matashin kurma da ke ikilisiyarku. Yawancin yara kurame a gidan iyaye masu ji ake haihuwarsu, kuma sau da yawa ba mai iya maganar hannu a gidan. Ana hira a tsakar gida, ana dariya, shi sai kallo. In ya tambaya me aka ce, a ce masa ba komai. Ranar Lahadi ya zauna awa uku yana duban bakin mai wa'azi. Aikin da ake ba shi bai wuce ɗaukar benci da shara ba. Yaron da ya girma haka yakan ɗauka cewa shawara ta masu ji ce, nasa bi ne kawai.

Wannan ne ciwon da sansanin horar da shugabanci yake magancewa. A Amurka, ƙungiyar kurame ta ƙasa tana gudanar da irinsa tun 1969, inda ɗaliban sakandare kurame suke haɗuwa na mako huɗu a lokacin dogon hutu. Mafi yawan masu koyarwa da masu kula da su kurame ne, harshen sansanin kuma maganar hannu ce tun daga safe har dare. Nan yaro yake tsayawa gaban tsaransa ya kawo hujja, a musa masa, ya kare ra'ayinsa. A ba shi rukuni ya jagoranta, in ya yi kuskure a gyara masa kai tsaye, ba tafinta a tsakani. A ganina, abu mafi girma shi ne idonsa yana ganin babban mutum kurma kamarsa wanda ya yi karatu, ya yi aure, yana riƙe da aiki. Wa'azi goma ba zai ba shi abin da wannan gani ɗaya yake ba shi ba.

Kada ka ce wannan zancen ƙasar waje ne. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara 11, cutar nan da muka sani sarai a lokacin zafi. Ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya zo Afirka da bishara, ya buɗe makarantar kurame a Akara ta ƙasar Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu wajen talatin a ƙasashen Afirka. Bai riƙe aikin shi kaɗai ba. Ya horar da kurame suka zama malamai da masu bishara, suka ci gaba bayansa. Da an ajiye shi a bencin baya tun yana ɗan shekara 11, wa zai yi wannan aiki?

Wani zai ce, ai mu masu bangaskiya ne, addu'ar warkarwa ya kamata mu yi. Hakika mun gaskata Allah yana warkarwa, kuma ba za mu fasa roƙo ba. Amma ka karanta Fitowa sura 4. Musa ya kawo ƙarar nauyin bakinsa, Allah kuwa ya tuna masa cewa shi ne ya halicci mai magana da bebe, mai ji da kurma, ya aike shi a hakan, ya haɗa shi da Haruna. Akwai yaran da aka riƙa fito da su gaban jama'a a kowane taron farkawa, aka tafa hannu a bayan kunnensu, har suka tsani zuwa sujada domin suna ganin rashin bangaskiyarsu ce ta hana. Wannan ba daidai ba ne. Ka yi wa yaro addu'a, ka kuma ba shi aiki yau, kada ka ce sai ya ji.

Dogon hutu na watan Agusta ya ishe mu farawa, ko da kwana biyar ne. Ikilisiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya su haɗa kuɗin abinci da mota. A nemi manyan kurame masu tsoron Allah su riƙe koyarwa, masu ji su tsaya a wajen girki da hidima. A sa mata amintattu masu iya maganar hannu su kwana tare da 'yan mata, gama yarinyar da ba ta iya kai ƙara da baki ita mugu ya fi nema. In sun dawo, a ba kowannensu abin riƙewa: ajin Lahadi na yara kurame, ko koya wa 'yan mawaƙa maganar hannu.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini matashin kurma da ke kusa da ni, ka ba ni haƙurin koyon harshensa, cikin sunan Yesu. Amin.