Babi na Tara: Ƙwayar Gado ta DDX3X a Matsayin Makamar Magani da Manuniyar Cuta

9.1 Gabatarwa

Wannan babi misali ne na rubutun bayani a fagen kimiyya, kuma ana son ɗalibi ya riƙe ma'anar kalmomi biyu tun daga farko. "Makamar magani" wani abu ne a cikin jiki da ake haɗa magani domin ya kama shi, ya hana shi aiki. "Manuniyar cuta" kuwa abu ne da ake aunawa a jini ko a tsoka, wanda yawansa ko ƙarancinsa ke nuna wa likita halin da cuta take ciki. Duka biyun an gina su ne da ɗafa-goshin ma-, kamar mashiga da mabuɗi.

9.2 Aikin DDX3X

A cibiyar ƙwayar halitta ake samun DNA, inda ƙwayoyin gado suke. Saƙonsu ba ya fita da kansa, sai an kwafe shi a wani siririn zare mai suna RNA, wanda shi ake karantawa a ƙera furotin. Zaren nan yakan naɗe ya sarƙe, don haka akwai wasu furotin da ake kira helikes waɗanda aikinsu shi ne warware shi. DDX3X tana ɗauke da saƙon ƙera ɗaya daga cikinsu, mai amino asid 662. Tana kan kuromosom X, tana kuma da takwara a kan kuromosom Y na maza, wato DDX3Y. Danginsu ya sami laƙabin DEAD a 1989. A Ingilishi kalmar na nufin matacce, amma a nan haruffa ne kawai na amino asid huɗu da ke jere. Babu ruwansu da mutuwa.

9.3 Makama

Ƙwayoyin cuta na bairos sukan ari kayan aikin jikin da suka shiga. A 2004 aka nuna cewa ƙwayar cutar ƙanjamau tana buƙatar wannan helikes kafin ta fitar da RNA ɗinta daga cibiyar ƙwayar halitta. Hikimar da masana suka hango ita ce: bairos yakan sauya kama ya kuɓuce wa magani, amma ba shi da ikon sauya furotin na mutum. A 2016 masu bincike a Italiya suka ba da rahoton wani sinadari da ya daƙile bairos na ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in C da na zazzaɓin denge a ɗakin gwaji. Shekara guda kafin haka, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, an bayyana sinadarin RK-33, wanda ya ƙara wa gashin haske tasiri a kan sankarar huhu a jikin ɓeraye.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma har yanzu babu maganin DDX3X da aka amince a ba marasa lafiya. Hasali ma jiki na amfani da wannan furotin wajen tayar da garkuwarsa. Haka kuma a 2015 aka gano cewa tawaya a wannan ƙwayar gado na haddasa jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa, galibi ga yara mata. Abin da jiki ke buƙata haka, ba a kashe shi da garaje.

9.4 Manuniya

A nan ne lamarin ya zama tufka da warwara. A wasu nau'o'in sankara, kamar ta mama, yawan furotin ɗin ne ke tafiya da tsananin cutar. A sankarar huhu da ta hanji sakamakon bincike ya saɓa wa juna: wasu sun danganta muni da yawansa, wasu da ƙarancinsa. A sankarar Burkitt kuwa lalacewar ƙwayar gadon ake yawan gani.

Wannan ta ƙarshe ta shafi Afirka kai tsaye. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958. Takan kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya, kuma ta fi kama maza. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa idan DDX3X ta lalace a jikin namiji, ƙwayoyin sankarar sukan koma ga DDX3Y, wadda a ka'ida kusan a maraina kaɗai ake ƙera furotin ɗinta. Ke nan ga irin waɗannan yara takwarar ce za ta iya zama makama, domin sankarar ta dogara da ita fiye da sauran jiki. Lalacewar DDX3X kuma ita ce manuniyar da za ta nuna yaron da maganin zai dace da shi, idan an kai ga samar da shi.

9.5 Auna Fahimta

1. Me ya sa yawan furotin na DDX3X kaɗai bai isa likita ya yanke hukunci ba?
2. Kawo wata kalma da za ta maye gurbin "manuniya", tare da bayanin ginuwarta.