Rinin Abinci da Ƙiriniyar Yara: Nazari daga Kasuwar Bwari

Duk wanda ya ratsa kasuwar Bwari a lokacin tashin 'yan makaranta zai ga yara sun yi cincirindo a gaban masu sayar da alawa da ƙanƙarar leda, ja da rawaya da kore shar. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba rinin da ke ba kayan nan launi, da dokokin da aka kafa a kansa, da kuma inda lamarin ya shafe mu ɗaliban harshe.

Da farko sai mu bambance kalmomi uku. Launi shi ne abin da ido ke gani. Rini shi ne abin da ake zubawa domin launin ya fito, "kala" kuwa aro ce da 'yan kasuwa ke amfani da ita a madadin duka biyun. Bahaushe ya daɗe da sanin rini na tsirrai, irin su baba da karan dafi da gangamau, kuma jan zoɓo daga jikinsa yake. Wanda ake taƙaddama a kansa shi ne rinin masana'anta, wanda akasari daga sinadaran man fetur ake haɗa shi.

A shekarar 2007 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara kimanin 300, 'yan shekara 3 da 'yan shekara 8 zuwa 9. An riƙa ba su abin sha mai gaurayen rini da sinadarin hana lalacewa, wani lokaci kuma abin sha marar komai, ba tare da yaran ko iyayensu sun san wanne ne ba. An ga ƙarin rashin natsuwa a tare da wasunsu, amma ƙarin ba mai yawa ba ne, kuma da yake gauraye aka bayar, ba a iya ɗora laifin a kan rini guda ba. Duk da haka, daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin rini shida ɗin nan: E102 da E104 da E110 da E122 da E124 da E129. Ita kuwa Amurka, a watan Janairun 2025 ta soke izinin wani jan rini mai suna Red 3, sai dai dalilinta shi ne kansa da aka gani a jikin ɓeraye.

A Nijeriya wannan aiki na hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993. Batun ya ɗauki hankalin jama'a a 2017, lokacin da Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci a ƙarar wani ɗan kasuwa da ya kai Fanta da Sprite Ingila a 2007, hukumomin can suka ƙi su saboda yawan sinadarin hana lalacewa da rinin E110. Kamfanin ya kare kansa da cewa bai ƙetare ma'aunin Nijeriya ba, ma'aunin ƙasashen biyu ne ya bambanta. Kotu ta umarci a rubuta gargaɗin kada a haɗa lemon da bitamin C. Hukumar ta kuma sha jan kunnen jama'a game da manjan da ake zuba wa rinin Sudan domin ya ƙara ja, rinin da aka haramta a abinci.

A ganina babban giɓin yana wani wuri. Dokar rubuta bayani kayan kwalba da fakiti ta fi kamawa. Ƙanƙarar da aka haɗa a gida aka ƙulle a leda ba ta da lambar rajista, mai ita ma da cokali take auna garin kalar. Inda aka yi rubutun kuma da Turanci ne, alhali a kasuwar Bwari da Hausa da Gbagyi ake yawancin ciniki.

To, a ce an ba mu aikin fassara gargaɗin Turawan. Ni da na koyi Hausa a waje da gida, kalmar da ta fara zo mini ita ce "ƙiriniya". Amma ƙiriniya hali ce da ake maganinta da tsawa ko bulala, saboda haka uwar da ta ji wannan kalma za ta iya hukunta yaro maimakon ta duba abin da yake sha. "Rashin natsuwa" ya fi kusa da nufin likitoci. Haka nan gargaɗin na asali yiwuwa ya nuna, bai yanke hukunci ba. Idan muka ce "yana sa yara rashin natsuwa", mun faɗi abin da binciken bai tabbatar ba. Abin da ya dace shi ne "yana iya rage natsuwar yara da mai da hankalinsu". Mai karatu ya gwada tasa fassarar, sa'an nan ya karanta wa wata mai sayar da ƙanƙara a bakin makaranta, ya ji yadda za ta fahimce ta.