Rabon Mabuɗan Sirri Tsakanin Ƙananan Na'urori

Ƙananan na'urorin da ake bazawa a gonaki don auna zafi da laima kan aika rahoto ta iska, inda kowa ke iya satar ji. Tilas a kulle saƙon da mabuɗin sirri. Idan duka mabuɗi ɗaya gare su, sace guda ya isa ya tona asirin sauran.

A 2002, Eschenauer da Gligor na Jami'ar Maryland suka kawo mafita: kowace na'ura ta ɗebi mabuɗai daga babban rumbu, ba tare da zaɓe ba. Ɗalibai su gwada lissafin: in rumbun na da 10,000, kowace ta ɗebi 100, damar maƙwabta biyu su tarar da mabuɗi iri ɗaya kusan kashi 64 ce cikin 100. Waɗanda ba su dace ba, sai wata ta shiga tsakani.