Gaban Labule da Bayansa

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan isha'i, na sa ƙanwarka ta kunna mini shi har sau biyu. Ka ce biza ta fito, za ka Gwanzu ta Chana da ƙafarka karon farko, an daina aike. Allah ya sa albarka, ya sa a je a sa'a a dawo a sa'a. Ka kuma ce ejan ya ba ka farashi biyu, na ikonomi da na bizines, abokanka kuma suna ta zuga ka wai tafiyar da nisa, wanda ya zauna a baya sai ya sauka kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Kana tambayata ko ƙarin kuɗin ya cancanta.

Na zauna a gaban labulen nan da ke raba bizines da ikonomi, na kuma zauna a bayansa, in na ce maka duk ɗaya ne na yi maka ƙarya. Amma kafin ka zaro kuɗi, ka san abin da ake sayar maka. Jirgi ɗaya ne, matuƙi ɗaya, tare za ku tashi daga Addis Ababa, tare za ku sauka. Abinci a farantin tangaran, lemo kafin a tashi, ɗan tawul mai ɗumi, ma'aikaciya tana kiranka da sunanka, duk wannan miya ce. Tuwon shi ne kwanciya. A baya, daga kujera zuwa kujera inci 31 ne ko 32, faɗin kuma 17 zuwa 18. Kai da ka ɗauko tsayin mahaifinka, gwiwarka za ta kwana tana gaisawa da bayan kujerar wani. A gaba kuwa maɓalli za ka danna, kujerar ta miƙe ta zama gado mai kusan mita 2. Gadon nan ma bai daɗe a duniya ba. Kamfanin British Airways ne ya fara sa shi a bizines a shekarar 2000, kafin nan 'yan bizines ma a kishingiɗe suke kwana. Gado ɗaya yana cinye filin kujerun baya uku ko fiye, shi ya sa kuɗinsa yake ninka uku, wani lokaci huɗu ko biyar. Fili suke ba ka haya, kamar mai rumfa a Kwari.

To, ɗauko biro. Mu ƙaddara tikitin baya dala 1,000 ne zuwa da dawowa, na gaba kuma 3,500. Ratar 2,500 ke nan. Daga Kano zuwa Addis bai kai awa 5 ba, kuma ba wani barcin kirki a ciki. Doguwar ita ce daga Addis zuwa Gwanzu, awa 10 da wani abu. Cire lokacin tashi, cire na cin abinci sau biyu, cire na shirin sauka, in ka yi sa'a ka samu barcin awa 7. Zuwa da dawowa 14. Raba 2,500 gida 14, za ka ga kowace awa ta barci ta tashi maka kusan dala 180. Kuɗin awa ɗayan nan ya ishe ka kwana a otal mai kyau a Gwanzu, da gado mai faɗi da ruwan zafi da ƙofar da za ka kulle. In kuwa ka kai 2,500 ɗin Wapa a canjin 1,500, inda dala ta kai a 2024, naira miliyan 3 da dubu 750 ce. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 sai ya shekara 4 da ɗoriya kafin ya ga wannan kuɗin. Kai ka fi ni sanin bandir nawa za su ɗauko.

Ka kuma duba agogo. Jirgin Gwanzu yakan bar Addis wajen tsakar dare, Chana kuma tana gabanmu da awa 7, sai ka sauka da la'asar ɗin can. Wa yake jiranka da la'asar? Masauki za ka nufa, ka yi wanka, ka rama sallolinka ko ka haɗa su, ka nemi abincin halal a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suke taruwa, ka kwanta. Gadon da za ka saya a sama da tsada yana ƙasa yana jiranka da araha.

Ba na so ka ɗauka barci wasa ne, don ni ya taɓa cin kuɗina. Wata tafiya, tun gemuna bai yi fari ba, na ƙi kwana ko ɗaya na hutu don tsimi. Na sauka ban rintsa ba, washegari da sassafe na shiga wajen masu kamfani ido jawur, kaina yana yi mini kamar ana kaɗa ganga. Aka baje mini samfuri a kan tebur, kowane launi da lambarsa. Na nuna wanda nake so, na rubuta lambar na kusa da shi, na sa hannu. Bayan wata 2 kwantena ta iso da wani kore mai ɗaukar ido wanda ko amaryar ƙauye ba ta so. Sai da ya kwana biyu a sito kafin na rabu da shi da faɗuwa. Ba laifin kowa ba ne, nawa ne. Amma da na yi lissafi daga baya, abin da zai cece ni ranar kwana ɗaya ne a otal kafin in shiga kasuwa. Don haka ka ƙara kwana ɗaya a gaban tafiyarka, kada ka sa hannu a takardar kowa sai ka yi barci ka tashi ka san inda gabas take.

Ɗayan kuskuren nawa ya fi ban kunya. Shekarar da kasuwa ta fara yi mini murmushi, na sayi kujerar gaba don kawai wani abokin hamayyata a layinmu ya taɓa shiga, yana ta ba da labari. Tafiyar rana ce. Ban yi barci ba, tunda ba a saba ba, na ci, na sha, na danna kowane maɓalli, na ɗauko 'yar jakar man goge baki da safa na kawo gida. Ga shi an canza jirgin a ranar, aka kawo wani tsoho wanda kujerarsa kishingiɗa kawai take yi. Kuɗin kuwa daga jari na ciro su. Da na dawo, ba wanda ya ƙara mini ko sisi a kan yadi don na zauna a gaba. Yanzu ku kuna da abin da mu ba mu da shi, waya da hoto, ana ɗora ƙafa a kan matashi a ɗauka a watsa. Ban hana ka jin daɗi ba. Sai dai ka sani mutanen da za ka gani a gaban nan, da yawansu ba aljihunsu ne ya biya ba. Wani kamfaninsa ne, wani gwamnati, wani maki ya tara na yawan tafiya, wani kuma an ɗaga shi ne don baya ta cika. In ka biyo sawunsu da jarinka, ka shiga tsere da wanda yake kan dokin aro.

Abokan naka sun kawo maganar lafiya, suna da 'yar gaskiya, amma sun ɗora ta a inda ba wurinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike a 2007 cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko da yake haɗarin ƙarami ne ga mai lafiya, kamar mutum 1 cikin 6,000. Kuma ba jirgi kaɗai ba, wanda ya hau doguwar mota daga Kano zuwa Legas ma yana ciki. A 2012 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ce ba ta ga shaidar cewa kujerar ikonomi ita kanta ce ke kawo ciwon ba. Rashin motsi ne, kuma wanda ya zauna jikin taga ya fi shiga haɗari saboda nauyin tashi yake ji. Maganin kyauta ne. Ka zaɓi kujerar bakin hanya, ka riƙa miƙewa kana takawa duk bayan awa 1 ko 2, ka riƙa motsa sawunka a zaune, ka sha ruwa sosai don iskar jirgi busasshiya ce. Mai ciki, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai ƙiba sosai, da wanda jininsa ya taɓa daskarewa, su likita za su gani kafin ejan, yakan kuma rubuta musu wata safa mai matse ƙauri.

Wannan ya kawo ni kan kakarka, Allah ya jiƙanta da rahama. Lokacin da na kai ta Indiya aikin gwiwa kana ƙarami. A tafiya, ni da wayona na sayi na baya biyu, kuma ban duba ba aka raba mu, ita ta faɗa tsakiya, wani baƙon namiji a bakin hanya. Ka san Hajiya da kunya. Don kada ta tashe shi ta wuce banɗaki, sai ta ƙi shan ruwa, ta ƙi shayi, ta zauna kamar an dasa ta tun daga tashi har sauka. Da muka iso na durƙusa zan sa mata takalmi, ƙafar ta kumbura ta yi suntum, yatsun kamar an hura su, takalmin ya ƙi shiga ko rabi. A hannu na riƙe shi ana tura ta a keken marasa lafiya, tana ce mini ba komai. Wannan "ba komai" ɗin har yau tana yi mini ciwo.

A dawowa likita ya ce ƙafar tana son miƙewa. Ban tsaya lissafin awa da dala ba, na saya mata ta gaba, ni na koma bayana. Da dare ya raba na roƙi ma'aikaciyar ta bar ni in leƙa. Na ɗaga labule na tarar da ita a miƙe, an lulluɓe ta da bargo har wuya, carbi ya zame daga hannunta yana reto a gefen kujera, tana barci irin wanda ban ga ta yi ba tun da ciwon ya kama ta. Da safe ta tambaye ni nawa na biya. Na ce mata Hajiya ga Kano can ta taga. A duk kuɗin da na taɓa ba kamfanin jirgi, wannan ne ban taɓa waiwaya ba.

Shi ya sa nake cewa kujerar gaba tana da ranarta. Tsoho, da mara lafiya, da mai ciwon baya, kuɗin a wurinsu kusan kuɗin magani ne. Haka wanda zai kwana a sama ya sauka da asuba ya wuce kai tsaye inda za a yanke maganar da ta fi kuɗin tikitin nesa ba kusa ba. Shi ma ya duba wace tafiya ce ta dare, zuwa ko dawowa. Jirgin British Airways na Abuja, shekara da shekaru, da safe yake tashi zuwa Landan, da dare yake dawowa. Awa 6 da 'yan mintuna da rana tsaka, me za ka yi da gado? In za a biya, a biya ta dare. Sai kuma wanda Allah ya hore wa har ratar ba za ta taɓa jarinsa ba, ba ta taɓa cefanen gida ba, ya fitar da zakkarsa, ba mai binsa bashi. Shi wannan ya shiga ya miƙe, halaliyarsa ce. Kai kuwa shekarunka 29, ƙashinka ƙalau, ko a kan buhu ka kwanta sai an tashe ka, kuma rabin kuɗin da ke hannunka na mutane ne.

Tsakanin gaba da baya akwai matakai da ejan ba zai fara faɗa maka ba. Kujerar da ke bakin ƙofar gaggawa ko ta layin farko tana da filin miƙe ƙafa, da ɗan ƙari kaɗan ake kama ta, amma sai ka yi sammako. Wasu kamfanonin suna da aji na tsakiya da suke kira firimiyam ikonomi, wanda Virgin Atlantic ya shigo da shi tun 1992. Tazararsa inci 38 ce, ba ya zama gado, amma ga dogon mutum a tafiyar rana ya wadatar. Ba kowane jirgi ke da shi ba, an fi samunsa a hanyar Landan. Wani lokaci kuma in gaba ba ta cika ba, ana tayin ɗaga mutum da rahusa daf da tashi, tambaya ba ta cin kuɗi. In da Ethiopian za ka tafi, ka yi rajistar ShebaMiles tun wannan tafiyar, makin yana taruwa. Ka adana shi, wata rana shi zai kwantar da mahaifiyarka a hanyar Umara.

Za su ce maka bizines tana da ƙarin kilo. Haka ne, yawanci jaka 2 masu kilo 32 maimakon 23. Kilo 18 ke nan. Kayanka ta kwantena ko kago za su taho, abin da zai biyo ka samfuri ne da tsarabar yara. In ya yi yawa ka biya kuɗin awo, ya fi sauƙi.

Ranar tafiya ka sa kaya masu sakewa da takalmin da ba ya matsewa, ka yi alwala kafin a kira shiga, ka tafi da rigar sanyi don bargon baya siriri ne. Ka ce wa ejan bakin hanya kake so, a duka jirage huɗun, ya rubuta maka lambobin ka gani da idonka.

Ka biyo ta gida ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da takardar farashin mu duba tare. Ka zo da wayarka a cike da caji, kai za ka karanta mini, idona ya daina ganin ƙananan rubutun nan nasu.